Takun Baya a Bayan Siton Gishiri

Na fara aiki a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa bayan na gama bautar ƙasa, na zauna a gida har na fara jin nauyin fitowa ƙofar gida da safe. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne shugaban leburori a wurin, kuma shi ya yi mini hanya. Na koma gidansa a Panshekara don in fi kusa da aikin. An ɗauke ni ne a ɗakin gwaje-gwaje, tunda kimiyyar sinadarai na karanta. Amma ɗakin nan bai fi shago ba, kuma in aka buɗe ganga ba wanda ake tambaya me ya karanta. Kowa dogon takalmin roba yake sawa ya shiga ja.

Gara in bayyana gangar saboda wanda bai taɓa shiga ba. Ta katako ce, ta kusa ɗaki girma. Ana zuba ƙiragan shanu a cikinta da ruwa da sinadari, inji ya yi ta juya ta. Kana gefe kana jin ƙiragan suna hawa suna faɗowa, tim, tim, kamar an kulle ƙofa ana dukan mutum. In an buɗe sai su zubo ƙasa a jiƙe, ga santsi ga wari. Jiƙaƙƙen ƙirgi yana da nauyin da ido ba ya gani. Mutum biyu ke kama shi da ƙugiya, su yi lilo da shi su maka a kan benci, daga nan a tura shi bakin injin da ke kankare nama. Mai kula da injin wani dattijo ne ɗan Filato, kowa Baba yake ce masa, kuma yatsun hannunsa na dama ba su cika ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Ranar da na fara dai ya ɗaga mini hannun ya ce, "Ka gani ko? Wannan injin ba ya cewa sannu."

Ba zan iya rantsuwa cewa aikin ne kaɗai ya jawo mini ciwon ba. Likita ya ce mai yiwuwa tun ina yaro akwai ɗan tsagi a ƙashin, aikin ya zo ya ƙarasa. Abin da na sani shi ne wata safiya mun ɗaga ƙirgi, ƙugiyar abokin jana ta yage gefen fatar, nauyin duka ya dawo kaina. Takalmina ya taka kitse. Na lanƙwashe ta baya, na ji kamar an buga mini ƙusa mai zafi a tsatso, zafin ya gangara ta ɗuwawu ya bi ƙafar hagu har tafin ƙafa. Na faɗi cikin ruwan gangar, ƙirgin ya rufe ni.

"Digiri ya sha ƙasa," in ji wani. Digiri suke kirana. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, aka janye ƙirgin aka ɗaga ni.

"Ba komai," in ji Kawu. "Da rana a taka maka."

Takun baya al'ada ce a wurin, ban san wanda ya fara ta ba. Bayan sallar azahar, a ɗan hutun da ya rage, sai a zagaya bayan siton da ake ajiye gishirin fata. Akwai inuwa, akwai bututun ruwa da ya gitta ta sama. A shimfiɗa buhunan da aka zazzage, mai ciwon baya ya yi rub da ciki. Mai takun wani ƙaton lebura ne mai sanyin murya, wanda ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Sai ya cire takalmi, ya kama bututun da hannu biyu, ya hau bayanka ya yi ta tafiya daga kafaɗa zuwa ƙugu har a ji ƙas. Da an ji ƙas ɗin sai a ce ya koma. Mutum ya tashi yana miƙa yana sa masa albarka. Ni ma na ga waɗanda suka kwanta a tanƙware suka tashi a miƙe, ba zan musa wannan ba.

Ranar aka taka mini. Da diddigensa ya iso tsatsona sai numfashina ya ɗauke, na ciji buhu. Da ya sauka kowa ya zuba mini ido.

"Yaya, Digiri?"

Na ce, "Ina ganin kamar da ɗan sauƙi."

Babu sauƙi. Daga ranar tsayuwa ta zama azaba. A sallah ruku'u ne kaɗai wurin da nake samun sararawa, in na zo ɗagowa kuma sai in ji kamar ana zare mini igiya daga cinya. Na koma tafiya a ɗan duƙe. Bayan cinyoyina ya ɗaure tamau. Gefen ƙafar hagu ya riƙa sagewa, wani lokaci in ji kamar cinnaku na yawo a ciki. A cikin adaidaita sahu kuwa, duk ramin da manyan motoci suka haƙa a hanyar Challawa sai da na san shi da bayana.

Ni mutum ne mai yawan tsoro, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a gidanmu. Tsoron ne ya kai ni asibiti ba tare da na gaya wa kowa ba. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗora hoton a jikin fitila ya nuna mini ƙasusuwan baya a jere, ɗaya bisa ɗaya, kamar an jera gwangwanayen madara. Can ƙasa, daf da ƙugu, ɗaya ya goce daga kan na ƙasansa ya zame gaba, wajen ciki. Ya kama yatsana ya kai bayana, ya ɗora a kan wani ɗan tudu.

"Ka ji wannan? Ba shi ne ya fito ba. Wannan guntun da aka bari a baya ne. Wanda ya goce ya yi ciki. Jijiyoyin ƙafarka ta nan suke wucewa, yanzu haka a matse suke." Ya kalle ni. "Kada ka ƙara ɗaukar kaya. Kada ka bari a danna maka, ko a taka, ko a kai ka wurin ɗori. Duk wanda ya danna ta baya, hanyar da ƙashin ya bi zai ƙara tura shi. In ka ga fitsari ya kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya sage, ko da wane lokaci ne ka taho."

Na tambaye shi ko zan iya rasa ƙafar. Ya ce in na kiyaye, da wuya. Ya rubuta mini magani da bel mai faɗi na ɗaure ƙugu, ya tura ni wurin masu gashin ƙashi, ya ce in abin ya ƙi sai a yi maganar tiyata.

Ran Lahadi da hantsi na kai wa Kawu hoton, yana zaune a zaure yana yanke farce. Ya ɗaga shi sama wajen hasken ƙofa ya daɗe yana kallo. Kawu ba jahili ba ne. Ya yi karatun allo mai zurfi, kuma ya fi shekara ashirin yana ganin yadda aiki ke karya mutane. Nan da nan ya gano wurin.

"Ga shi nan kuwa. Gocewa ya yi. Juyo in gani."

Na juya, ya ɗaga mini riga, ya bi da babban yatsansa har ya tsaya a kan tudun.

"Alhamdu lillahi. Ai ga kansa nan ya fito. Wancan karon a makance aka taka, shi ya sa. Yanzu an ga wurin."

"Kawu, ina jin ba shi ne ya fito ba. Kamar dai ciki ya yi."

"Kana ji, ko ka sani?"

"To, yadda na fahimta..."

"Ga abu a ƙarƙashin yatsana kana ce mini ciki ya yi. In bulo ya fito daga katanga, ta ina ake buga shi?"

Likitan "kada" ya ce, har sau biyu. Amma ni ban taso ina ce wa manya "kada" ba, kalmar ba ta fita daga bakina a gabansu. Abin da na ce shi ne, "Likita ya ce wataƙila zai fi kyau a ɗan dakata da takun."

"Zai fi kyau. Ai bai ce haramun ba ne. Sai me kuma ya ce?"

Na ambaci tiyata. Nan fuskarsa ta sauya. Ya ajiye rezar. Ya ce ya san wani direban tirela a Dakata da aka yanka a baya, yau a tabarma ake juya shi.

"Yayata ta ba ni kai da ƙafafunka. Ba mai sa maka wuƙa a gadon baya ina raye."

Na ce, "Haka ne, Kawu. Amma dai a ɗan bari tukuna." Ya ce, "To." Na ɗauka mun gama. Ya ma yi magana da manaja aka cire ni daga jan ƙirgi, na koma zaman ɗakin gwaje-gwaje da bel ɗina. Kwanakin nan na ji daɗinsu.

Wata rana bayan azahar, na idar da sallah a zaune kamar yadda na koma yi, sai Kawu ya dafa ni ya ce in zo ina da magana. Na bi shi. Da muka zagaya bayan siton sai na ga an shimfiɗa buhuna, amma ba wanda ke kwance. Mutum huɗu na tsaye, duk majiya ƙarfi, ba mai kallon idona. Mai takun yana wanke ƙafarsa da buta. A kan buhun akwai guntun katako kamar tafin hannu, an naɗe shi da tsumma.

Na ce, "Kawu, ina ganin da mun ɗan..."

Ban ƙarasa ba aka kwashe ƙafafuna. Haɓata ta daki ƙasa, gishiri ya cika mini baki. Biyu suka zauna a kan ƙwaurina, biyu suka miƙar da hannuwana suka danne da gwiwa. Wani ya fizge bel ɗin. Kawu ya durƙusa ta wajen kaina, ya danna kuncina a buhu da tafin hannunsa, ya lalubo tudun da ɗaya hannun, ya ɗora katakon a kai.

"Nan. Daidai nan. Ko uwarsa ya kira kada wanda ya sake shi, ni na sa ku."

"Malam Digiri, saki jikinka," in ji mai takun a hankali. "In ka ƙanƙame ya fi zafi. Yanzu za a gama."

Na ji bututun ya yi ƙara da ya kama shi. Kawu ya yi bisimilla.

Na farko ɗora diddige ya yi ya saki nauyinsa. Na ji cikina ya manne da ƙasa, iskar da ke ƙirjina duk ta fita, ko ihun ban samu ba. Aka yi shiru ana sauraron ƙas. Ba a ji ba.

"Bai shiga ba," in ji wani. "Ka ɗan daka."

Ya ɗaga jikinsa da bututun ya sauko da diddige ɗaya. Ban san yadda zan faɗi wannan ba tare da na yi ƙari ba. Idona ya yi fari. Wuta ta tashi daga tsatsona ta bi ƙafafuna biyu, kamar an zuba tafasasshen mai a cikin ƙashi. Ta dama ta ci gaba da ƙuna. Ta hagu kuwa sai ta yi tsit. Mutum na zaune a kanta, na san yana nan, amma ban jin nauyinsa. Sai na ji ɗumi yana bin cikina yana jiƙa buhun, kuma ban iya tsayar da shi ba.

Hannun Kawu na kusa da bakina. Na juya kai na kama gindin babban yatsansa da haƙori, na datse har na ji haƙorana sun taɓa wani abu mai tauri. Jininsa ya haɗu da gishirin da ke bakina. Ya kai mini duka a kunne da ɗaya hannun, ya sake kaiwa, kunnen ya ɗauki ƙara, amma bai ɗaga daga kaina ba.

"Ku riƙe shi. Saura ɗaya. Hau."

Baba ɗan Filato a gefen siton yake cin abincinsa kullum in mun tafi masallaci. Ban ga zuwansa ba, ƙarar kawai na ji. Ashe ƙotar ƙugiya ya maka wa mai takun a ƙwauri. Ƙaton ya saki bututun ya faɗa kan tarin buhunan gishiri, suka rushe a kansa. Waɗanda ke kan hannuwana suka tashi. Ɗaya ya kai wa Baba naushi a baki, dattijon ya zauna daɓas, ya tashi yana tofar da jini, ƙugiyar na hannunsa har yanzu. Wani ya ɗauko shebur.

"Ina ruwanka? Ɗanka ne?" ya ce wa Baba.

"Zo ka gwada," in ji Baba. "Wallahi sai na buɗe maka ciki kamar ƙirgi." Sai ya juya wajen Kawu ya nuna buhun da guntun hannunsa. "Malam, duba ƙarƙashinsa. Duk shekarun nan ka taɓa ganin wanda aka taka ya yi fitsari? Ƙanena ya faɗa ramin kuza, haka ya yi. Bai sake tashi ba."

Na saki hannun Kawu. Ya kalli buhun. Mai shebur ya sauke shi a hankali.

"Tashi," in ji Kawu. Muryarsa ba irin ta ɗazu ba ce. "Kai, tashi mu gani."

"Kawu, ba na jin ƙafar."

Ya kai hannu ya mintsini ƙwaurina na hagu. Ina ganin fatar ta tattaru tsakanin yatsunsa. Ya ƙara matsawa har farcensa ya shiga.

"Ba na ji. Likita ya ce in fitsari ya zo a kai ni nan take. Ku kai ni yanzu."

Aka ciro allon bencin da ake maka ƙirgi a kai, aka mirgina ni a kansa, aka sa a bayan motar kamfani mai buɗaɗɗen baya. Mai takun yana ɗingishi ya kama gefe ɗaya, hawaye na zubo masa, yana ta cewa, "Ban daka da ƙarfi ba, wallahi ban daka da ƙarfi ba." Kawu ya zauna ya ɗora kaina a cinyarsa. Tireloli sun cushe hanya, direbanmu ya riƙa sauka gefen titi, kowane rami sai allon ya yi tsalle ya dawo da ni. Jinin hannun Kawu yana ta ɗiga a rigata. Bai naɗe hannun ba har muka isa.

Likitan da ya karɓe ni ba wancan ba ne. Ya ga shatin katakon a bayana ya tambaya me aka yi, Kawu ya gaya masa da bakinsa, bai rage komai ba. Likitan ya ce masa ya fita waje. Ya ɗauko allura ya riƙa tsira mini daga cinya zuwa ƙasa yana tambaya. A dama ina ji. A hagu ina ji har gwiwa, daga nan sai in ga allurar ta shiga kawai.

"Ɗaga babban yatsanka."

Na dama ya ɗaga. Na hagu na aika masa da duk ƙarfin da nake da shi, har na yi gumi, yana nan kamar na wani.

Aka sake ɗaukar hoto, aka ce ƙashin ya ƙara zamewa ya shaƙe jijiyoyin, kuma jira ba zai yiwu ba. Tiyatar da Kawu ya rantse ba za a yi ba, shi ya tsaya a kanta, don mahaifiyata na can gida ba ta iso ba. An ce mini ya tambayi likitan ko zan tashi, likitan ya ce bai yi masa alkawari ba.

Aka buɗe wa jijiyoyin hanya, aka ɗaure ƙashin da na ƙasansa da ƙarfe da kusoshi. Abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai. Riƙe fitsari ne ya fara dawowa, wanda shi na fi jin kunyarsa. Sai jin ƙwauri. Sai tafin ƙafa, da zafi kamar na taka garwashi, ma'aikaciyar jinya ta ce in gode wa Allah da zafin. Babban yatsan da ɗaga ƙafar sama su ne ba su dawo ba. Har yau, da nake aikin zaune a wani kamfanin sabulu a Bompai, in zan taka sai na ɗaga gwiwa sosai, ƙafar ta sauko ta mari ƙasa. An ce mai yiwuwa ta ɗan ƙara gyaruwa, amma ban sa rai sosai ba.

Baba ya zo duba ni da leɓe a kumbure da ledar ayaba. Ya ce an daina takun a bayan siton, manaja ya hana, amma ya ji an koma yi a bayan masallaci.

Ranar da aka ce za a fara tsayar da ni, Kawu yana wurin, hannunsa a naɗe da bandeji. Kafin mai gashin ƙashi ya iso ya ɗauki sabon hoton da ke gefen gado ya ɗaga wajen taga. Kusoshin sun fito fari tas.

"Ashe dai mayar da shi suka yi," ya ce. "To ni me na ce tun farko? Su da ƙarfe, mu da ƙafa."

Gaskiyar magana ba su mayar da shi duka ba, kusan inda ya tsaya suka ɗaure shi. Na fara cewa, "Kawu, ina jin ba daidai haka..." sai mai gashin ya shigo da ƙarfen dogarawa ya ce a sauko da ƙafafuna.

Suka kama ni, shi a dama, Kawu a hagu. Da na miƙe ɗakin ya juya, ɗinkin bayana ya ja kamar zai ɓalle. Na tura ƙafar dama, ta tafi. Na ɗaga ta hagu, yatsun suka ja ƙasa, na yi gaba zan kifa, Kawu ya tare ƙirjina da hannun mai ciwo, na ji ya ja numfashi ta haƙora.

"Ɗaga gwiwar," in ji mai gashin. "Sama. Kamar za ka hau matakala."

Na ɗaga. Ƙafar ta sauka a siminti da ƙara, ta kuma ɗauki nauyina. Na sake turo ta dama. A haka muka kai ƙofar ɗakin, na roƙi a bar ni in huta kafin mu juyo.